Daga Baron Mangwaro Zuwa Kwalba Mai Lambar NAFDAC: Kasuwar Jus a Najeriya da Abin da Doka Ke Nema

Duk wanda ya buɗe firjin wani shagon kayan masarufi a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina ko a bakin kasuwar Daura cikin watan Afrilu, zai tarar da lemon kwali jere reras, wannan da hoton mangwaro, wancan da na abarba, kuma yawancinsu daga Legas ko Ogun aka yo lodinsu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. A ƙofar shagon kuwa ga mai baro nan da tulin mangwaro, yana ta karya farashi don kada ya kwana da shi, na ƙasan ya riga ya yi laushi ƙuda na binsa. Wannan ne ke sa mutane da yawa tambaya: me ya hana a matse na baron nan a ɗura a kwalba, a sayar a nan gida?

Babu abin da ya hana. Sai dai tsakanin baron da firjin akwai matakan da masu sha'awar sana'ar ba su cika gani ba sai bayan sun zuba jari. Wasu na kasuwa ne, wasu na doka. In kuwa aka duba da kyau, abin da dokar ke nema shi ne dai abin da zai hana kwalba kumbura a shagon da zafinsa ya haura digiri 40. Wanda ya ɗauki sharuɗɗan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a matsayin takardun cikewa kawai, bazara za ta yi masa binciken da jami'in hukuma bai yi ba.

Kwalin na gida ne, abin cikinsa daga duro ya fito

Tun farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Obasanjo, gwamnatin tarayya ta saka jus ɗin da aka riga aka ɗura a mazubin sayarwa cikin jerin kayan da Kwastan ke hana shigo da su. Haramcin bai shafi kakkauran ruwan 'ya'yan itace da ake kawowa a duro ba, wanda masu sana'ar ke kira konsantiret. A kan wannan duron kasuwar ta ginu.

A Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da ruwan lemon zaƙi, ana matse lemon, a ƙafar da ruwansa da inji har ya yi kauri kamar zuma, a daskarar da shi, a turo ta jirgin ruwa. Ana auna kaurin da ma'aunin Biriks, wanda ke nuna giram nawa na sukari da sauran narkakkun abubuwa ke cikin giram 100 na ruwan. Konsantiret na lemo yakan zo da Biriks 65, lemon da aka matse yanzu kuwa yana wajen 11 zuwa 12. Ke nan kilo ɗaya na abin duro, in aka ƙara masa ruwa kilo huɗu da rabi, ya zama jus kilo biyar da rabi. Markaɗen mangwaro kuma Indiya ce babbar mai fitar da shi, cikin jakar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta aka cusa a duro, yana iya yin shekara bai lalace ba ko da babu sanyi.

Manyan kamfanonin kowa ya san su. Chi Limited, mai Chivita da Hollandia, Coca-Cola ta sayi kashi 40 cikin 100 nasa a 2016, ta ƙarasa saye a 2019, sannan a 2025 ya koma hannun kamfanin UAC. Ga Five Alive na Coca-Cola, ga Sosa na Rite Foods, ga Dansa da marigayi Alhaji Sani Ɗangote ya kafa. Dogaron da masana'antar ke yi da kayan waje ba ƙyamar na gida ba ce. Benuwai na da lemo da mangwaro jibge, har an buɗe masana'antar konsantiret ta Teragro a Makurɗi a 2012. Matsalar ita ce injin babban kamfani na son kaya iri ɗaya, zaƙi ɗaya, launi ɗaya, daga Janairu zuwa Disamba. Mangwaronmu kuwa wata uku yake yi ya wuce, kuma a kwando ɗaya sai ka sami mai aure da mai zare, nunanne da ɗanye.

Wannan dogaro ya zama rauni daga tsakiyar 2023, lokacin da aka saki darajar Naira, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. A shekarar ce kuma farashin konsantiret na lemo ya yi tashin da bai taɓa yi ba a kasuwar duniya, saboda fari da cutar itacen lemo a Brazil. Mai saye ya ji a aljihunsa. Ƙananan mazubai da lemukan da ruwan 'ya'yan itacen cikinsu bai taka kara ya karya ba su suka cika kantuna.

A Katsina kasuwar hawa-hawa ce. Kwalin lita ɗaya na biki ne, da Sallah, da dubiyar asibiti, da kayan buɗa-baki da ake kai wa surukai. Ƙaramin kwali mai tsinke na 'yan makaranta ne. Lemon roba na matafiya da masu shago. A ƙasa kuma akwai wata babbar kasuwa da ba ta cikin lissafin kowa: zoɓo, tsamiya, jinja da haɗin kankana da abarba da mata ke yi a gida, a ɗura a roba, a sa a kula da ƙanƙara. Kayan kamfani yawanci ta kasuwar Singa a Kano suke biyowa zuwa hannun dilolin Katsina, Funtuwa da Daura, daga nan 'yan sari su kai su kasuwannin mako irin su Charanchi da Mai'aduwa. Dila ba ya tambayar daɗi tukuna. Tambayarsa ta farko ita ce wata nawa kayan zai yi a sito ba tare da firji ba, ta biyu kuma wa zai ɗauki asarar wanda ya lalace. Kayan da ba zai yi wata shida ba da wuya ya karɓa.

Akwai kuma lissafin lokaci da ake mantawa. A 'yan shekarun nan azumi ya riƙa faɗowa cikin zafi, ciniki ya ninka. Amma azumi na matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ya bar Afrilu ya shiga Maris, ya nufi tsakiyar hunturu. Wanda ya gina lissafin ribarsa a kan azumin zafi, ya sake zama da alƙalami.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Mai ƙaramin jari a Katsina bai kamata ya tunkari lemon zaƙi ko ɗurin kwali ba. Injin kwali na masu biliyoyi ne, kwalin kansa hawa shida ne na takarda da leda da alminiyam, lemon kuma daga nesa za a kawo shi. Inda ƙofa take a buɗe shi ne mangwaro, goba da tsamiya, abubuwan da ake samu a kusa, waɗanda baki ya riga ya saba da su.

Suna uku, doka uku

A bakin mutane komai jus ne. A wajen hukuma ba haka ba ne, kuma a nan ne takardun mutane da yawa ke maƙalewa. Ƙa'idojin NAFDAC na jus da nekta, waɗanda aka sabunta a 2021, sun bi sawun ma'aunin duniya na Codex mai lamba 247 na shekarar 2005.

Jus shi ne ruwan ɗan itace zalla, ko dai wanda aka matse kai tsaye, ko wanda aka mayar daga konsantiret ta hanyar maido masa da ruwan da aka ƙafar. In na konsantiret ne, dole a rubuta haka kusa da sunansa, kuma dole zaƙinsa ya kai ƙaramin mizanin da aka yanka: mangwaro Biriks 13.5, abarba 12.8, tuffa 11.5, lemon zaƙi 11.2 zuwa 11.8, goba 8.5, kankana 8. An sa waɗannan alƙaluma ne don kada a tsinka shi da ruwa a ce zalla ne. Haka kuma ba a yarda a zuba sukari da ɗan tsami a jus ɗaya ba, domin haɗa su biyun ita ce hanyar da ake ɓoye ruwan da aka ƙara.

Nekta shi ne wanda aka yarda a sa wa ruwa da sukari ko zuma, amma da iyaka. Na mangwaro da na goba, ɗan itacen ba zai gaza kashi 25 cikin 100 ba. Na abarba da na kankana kashi 40, na lemon zaƙi da na tuffa kashi 50, kuma sai an rubuta kason a jikin mazubin. Markaɗen mangwaro zalla ya yi kauri, ba ya shawuwa, shi ya sa nekta ne ainihin gidan mangwaro.

Na uku shi ne dirink, abin sha mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, wanda mafi yawansa ruwa ne da sukari da filebo da kala. Halal ne a sayar da shi, amma da sunansa. Wanda ya haɗa filebo da kala ya manna hoton mangwaro ya rubuta jus zalla, ya yi yaudara a ido na doka, kuma ya ci amanar uwar da ta saya wa ɗanta marar lafiya tana zaton 'ya'yan itace take ba shi. Zoɓo da kunun aya da jinja, tunda ba daga ɗan itace aka matso su ba, ba sa shiga sahun jus. Ana yi musu rajista a matsayin abin sha, kowanne da sunansa.

Inda kwalba ke kumbura

Kafin a je ga ofishin hukuma, sai an iya yin abin da zai jure. Ginshiƙin aikin duka shi ne tsami, wanda ake aunawa da ma'aunin pH, inda lambar ke raguwa gwargwadon ƙaruwar tsami. Lambar da ba a wasa da ita ita ce 4.6. Ƙasa da ita, ƙwayar cutar botulizim mai shanye jiki ba ta iya tsirowa a rufaffiyar kwalba, don haka ko zafin da bai kai tafasa ba ma ya wadatar. Sama da ita, sai an yi dahuwar matsi da ta haura digiri 120, wadda ƙaramar masana'anta ba ta da kayanta. Masu aikin kirki ba sa tsayawa a bakin iyaka, suna saukar da nasu zuwa 3.8 ko 4.0.

Tsamiya da abarba da lemo da tsaminsu suka zo. Mangwaro nunanne mai zaƙi kuwa yakan matso kusa da iyakar ko ya tsallake ta, sai an ƙara masa ɗan tsami. Kankana tana sama da 5, ga shi zafi na ɓata mata ƙamshi, don haka ita ce mafi wuyar adanawa duk da arharta a lambunan rani na Zobe, Jibiya da Ajiwa. Ko dai a haɗa ta da mai tsami har pH ya sauka, ko a sayar da ita da sanyinta a ranar da aka yi ta. Kunun aya ma haka yake, ba ya adanuwa ta wannan hanya.

Ga misalin lissafin nekta na mangwaro kilo 100. A ce za a sa markaɗe kilo 30, wanda ya haura abin da doka ta nema. Mangwaro mai aure yakan ba da rabi ko fiye kaɗan na nauyinsa bayan an cire ɓawo da ƙwallo, don haka ana buƙatar wajen kilo 55 zuwa 60, mai zare kuwa fiye da haka. In na'urar auna zaƙi ta nuna markaɗen yana Biriks 15, to ya zo da sukarinsa kilo 4.5. Ana son nektan ya tsaya a 13, wato kilo 13 a cikin 100, saura kilo 8.5 za a ƙara. In tsamin markaɗen kashi 0.4 ne cikin 100, ya kawo giram 120, ana kuma son giram 300 gaba ɗaya, sai a ƙara ɗan tsami giram 180. Ragowar kilo 61 da ɗoriya ruwa ne. Gobe in mangwaron da aka kawo ya nuna 18 ko 12, lissafin ya canza. Wannan ne dalilin da ya sa sikeli mai auna giram, na'urar auna zaƙi ta hannu, na'urar pH da ma'aunin zafi suka fi kowane inji muhimmanci, ga su kuma su ne mafi arha a ɗakin. Mai auna sukari da kwano da ɗan tsami da cokali ba zai taɓa fitar da kaya iri ɗaya sau biyu ba.

Maganar ɗan tsami ba ta wucewa ba a tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon haɗi. Binciken NAFDAC ya nuna cewa wani sinadarin masana'antu mai guba ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Farin gari ne shi ma, ido ba ya bambancewa. Kada a sayi ɗan tsami, filebo, kala ko maganin adanawa a ƙulle cikin leda marar suna. A nemi buhu ko gwangwanin asali mai rubutun cewa na abinci ne, da ranar ƙarewar wa'adi, da takardar gwaji daga mai sayarwa, a kuma ajiye rasit.

A wajen zaɓen 'ya'yan itace, a ƙi wanda ya faɗo ƙasa, da mai tabo, da wanda aka nunar da kabayid na masu walda, abin da NAFDAC ta haramta. Na ƙasa yana ɗauko wata ƙwaya mai son zafi da ke zaune a turɓaya, wadda dahuwar jus ba ta kashe ta. Ba ta kumbura kwalba, ba ta canza launi, sai an buɗe a ji warin magani kamar na asibiti. Ta fi bunƙasa tsakanin digiri 40 zuwa 50, wato daidai zafin sito mai rufin kwano a watan Mayu. Wanki da ruwa mai kulorin, miligiram 50 zuwa 100 a kowace lita, sannan ɗauraya da ruwa mai tsabta, yana rage ta sosai.

Tukunya da duk abin da jus zai taɓa su zama na ƙarfen sitenles. Tsami na cin alminiyam da baƙin ƙarfe, tukunyar da aka ƙera da narkakken tarkace kuwa tana iya zubo da dalma, alhali iyakar dalma a jus a ma'aunin Codex miligiram 0.03 ce kacal a kilo. Ruwa kuma, ko na rijiyar burtsatse ne mai kyan gani, sai ya bi ta matatar yashi, ta gawayi, ƙananan matatai da fitilar kashe ƙwayoyi, ya dace da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554. A lissafin da ya gabata an ga ruwa ne kashi 61 na abin da ke cikin kwalbar.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramar masana'anta ita ce ɗuri da zafi. A ɗumama haɗin zuwa digiri 85 ko 90, a riƙe shi minti ɗaya zuwa biyar gwargwadon kaurinsa ana juyawa, a ɗura kafin ya sauka ƙasa da 82, a rufe nan take, a kifa kwalbar minti biyu ko uku domin zafin ya kashe abin da ke cikin murfi, sannan a sanyaya da ruwa zuwa wajen 40. Kowane mataki da abin da ke biyo bayan tsallake shi. In ba a kifa ba, fumfuna za ta fito a wuyan kwalba. In aka jibge katan-katan da zafinsu, jus zai ci gaba da dahuwa, ya yi duhu, ya yi ɗanɗanon ƙauri. In aka bar iska da yawa a saman kwalba, launi zai dushe, bitamin C ya tafi. In zafin bai kai ba, yis zai cinye sukarin ya fitar da iska, roba ta kumbura, murfi ya yi tsalle. A nan kuma akwai abin da ya wuce asarar kuɗi ga Musulmi, domin abin da yis ke bari a cikin kwalbar barasa ce.

Robar ruwan sha ta yau da kullum ba ta ɗaukar wannan zafi, tana fara lanƙwashewa tun wajen digiri 65 zuwa 70. Sai kwalbar gilashi, ko roba ta musamman da aka yi don ɗurin zafi. Robobin da yara ke tsintowa a wuraren biki kuwa babu wankin da zai sa hukuma ta karɓe su. Wanda ba shi da halin robar zafi yakan dafa, ya sanyaya, ya ɗura a sabuwar roba tare da maganin adanawa, sodiyam benzowet ko fotasiyam sobet. Wannan ya dace da dirink, amma da awo. Mizanin da Najeriya ke amfani da shi na benzowet a lemon kwalba miligiram 250 ne a kilo, wato giram 25 a lita 100, abin da bai wuce 'yan cokulan shayi ba. Ba ya aiki sosai in pH ya haura 4.5, kuma in ya haɗu da bitamin C cikin zafi da hasken rana yana iya haifar da benzin, sinadarin da ke jawo ciwon daji. A kan wannan batu ne wata Babbar Kotu a Legas ta yanke hukunci a 2017 game da Fanta da Sprite, ta ce a sa gargaɗi a jikinsu. Mai jus ɗin da za a shanya a rana a bakin tasha ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan haɗi.

Sauran matsalolin na ido ne da harshe. Markaɗe kan kwanta a ƙasa ruwa ya taso sama, ana magance shi da tacewa mai laushi da ɗan pektin, garin da ke ƙara kauri. Lemo kan yi ɗaci bayan awa kaɗan in an murƙushe ƙwayarsa da ɓawonsa wajen matsa.

Hanyar samun lamba

Dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993, shekarar da aka kafa NAFDAC, ta hana sarrafawa, talla, sayarwa ko rarraba duk abincin da aka ɗura a mazubi sai an yi masa rajista. Hukuncin ya haɗa da rufe wuri, ƙwace kaya, tara da ɗauri.

Ana farawa da rajistar kasuwanci a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, sannan rajistar sunan kaya a ofishin alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. A yi wannan kafin a buga lebul ko guda, don sunan da ka ƙaunata yana iya zama mallakar wani. Daga nan sai a shigar da buƙata ta shafin NAPAMS na hukumar a intanet, a ɗora takardun kamfani, zanen lebul, jerin kayan haɗi da takardar gwajin kayan. Kuɗin ya danganta da girman masana'anta, kuma ta hanyar biyan gwamnati ake biya, ba a hannun wani ba. Shawara mafi amfani ita ce a je ofishin hukumar na Katsina da zanen ginin kafin a sa bulo, a ji ajin da kayan ya faɗa da abin da ake nema a ajin. Rushe bango bayan an gama gini ya fi kuɗin rajistar ciwo.

Masu duba wuri suna kallon tafiyar aiki ne: kaya su shigo ta ƙofa ɗaya, su fita ta wata, ɗanye bai gamu da dafaffe ba. Za su nemi ɗakin sauya tufafi, ma'ajin ɗanyen kaya, ɗakin sarrafawa, ma'ajin kwalabe da na kayan da aka gama. Ƙasa da bango masu wankuwa, magudanar ruwa a rufe, raga a tagogi, wurin wanke hannu a bakin ƙofa, banɗaki da janareto nesa da ɗakin aiki. Wurin kada ya kasance kusa da juji, mahauta ko buɗaɗɗiyar kwata. Ma'aikata su sami takardar gwajin lafiya ta masu taɓa abinci, wadda ake sabuntawa duk wata shida, a kuma nuna shaidar feshin ƙwari, da rubutaccen tsarin aiki da na wanke injuna, da mai kula da sarrafawa wanda ya yi karatun kimiyya. Katsina ba ta rasa irin waɗannan matasa, ga masu fitowa daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta Dutsin-ma da Kwalejin Hassan Usman.

In wuri ya yi, sai a ɗebi samfur zuwa ɗakin gwajin hukumar, a duba ƙwayoyin cuta, yis da fumfuna, Biriks, tsami, maganin adanawa da ƙarafa masu guba. Wa'adin da hukumar ta ɗibar wa kanta na kayan abinci kwanakin aiki 90 ne, amma agogon na tsayawa duk lokacin da aka turo gyara har sai an amsa. Yawancin jinkiri daga nan yake. Lambar na aiki shekara biyar, kuma ta kaya ɗaya ce a wuri ɗaya. Ta mangwaro ba ta rufe goba, ta fiyawata ba ta rufe zoɓo, aron lambar wani kuwa jabu ne. Wanda bai da halin gini yana iya ƙulla yarjejeniya a rubuce da masana'antar da hukuma ta riga ta amince da ita, ta riƙa ɗura masa da sunansa.

Lebul kansa yana da ƙa'idojinsa na 2022. Sunan kaya na gaskiya, kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, yawan abin ciki da lita ko mililita, suna da cikakken adireshin masana'anta, lambar ɗuri, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, yadda za a adana, jadawalin sinadaran gina jiki da lambar NAFDAC. Da Turanci ake rubutawa, an kuma yarda a ƙara Hausa. Kala da maganin adanawa da zaƙin roba duk sai an ambace su da suna. Abin da ya fi kayar da masu tsamiya da zoɓo shi ne rubuta cewa yana maganin hawan jini ko basir. Abinci ba ya da'awar warkarwa, kuma tallan rediyo ma sai hukumar ta tantance shi.

Bayan NAFDAC akwai SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, mai ba da shaidar inganci ta MANCAP ga kayan da aka sarrafa a gida, sai harajin Naira 10 a kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa abin sha mai sukari, wanda aka fara karɓa a 2022. Mai hangen Maraɗi ta Jibiya ko Damagaram ta Kongolom zai buƙaci rajistar fitar da kaya da lebul mai Faransanci, ya kuma tuna cewa iyakar ta zauna a rufe daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024.

Ranar ƙarewar wa'adi ba a ƙirƙirar ta, gwada ta ake yi. Daga kowane ɗuri a ware kwalba shida ko fiye, a rubuta musu lamba, a ajiye rabi a ɗaki mai inuwa, rabi a wuri mafi zafi da kayan zai iya zama, irin shago mai rufin kwano. Duk wata a buɗe ɗaya daga kowane ɓangare, a auna pH da Biriks, a duba launi, a shinshina, a ɗanɗana, a rubuta a littafi. In Biriks ya sauka, wani abu na cin sukarin a ciki. A littafin nan kuma za a rubuta daga wa aka sayi mangwaron ranar, wane buhun ɗan tsami aka buɗe, zafi nawa aka kai, da dilan da ya ɗauki kayan. Ranar da aka bugo waya daga Mashi ko Ɓaure cewa katan biyu sun kumbura, lambar da ke wuyan kwalbar ce za ta nuna ɗurin wace rana ne, da sauran shagunan da za a bi a kwaso shi kafin wani ya sha.